Haddar "noun" da "verb": tana gyara Turancin yaro ko ɓata lokaci ce?

Maman Hafsat:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Malamai, ina da tambaya, don abin ya tsaya mini a rai. 'Yata tana aji biyu na babbar sakandare. In ka ce ta kawo rukunonin kalmomin Turanci guda takwas, za ta zubo maka su ba gargada, kowanne da ma'anarsa. Amma na duba littafinta na insha'i na ga ta rubuta "She have went to market yesterday". Ni da ban yi nisa a boko ba ma na san akwai gyara a nan. To ina amfanin haddar? Mu ci gaba da matsa musu, ko mu nemi wata hanya?

Abban Sadiq:
Wa alaikumus salam. Hajiya, in gaskiya kike so, ɓata lokaci ne. Ni kayan gyaran mota nake sayarwa, kullum da 'yan kudu nake hulɗa, kuma Turancin da nake yi a bakin mutane da rediyo da jarida na tsince shi. Ko sau ɗaya ba wanda ya taɓa tambayata mene ne "adverb" kafin mu yi ciniki. Ki duba ɗanki ɗan shekara huɗu. Kin taɓa jin ya ce "yarinya ya tafi"? Ba zai faɗa ba, alhali bai san wani abu wai shi jinsi ba. Harshe da kunne ake kama shi. A ba yara littattafai su karanta, a bar su su yi ta magana, a daina cika musu kai da sunaye.

Malam Bala Ticha:
Alhaji, rabin maganarka na karɓa hannu biyu. Karatu da sauraro su ne ginshiƙi, ba mai musun wannan. Amma ɗan shekara huɗun da ka kawo misali da shi, tun daga farkawarsa har barcinsa Hausa yake ji, a ɗaki, a tsakar gida, a ƙofar gida. Ɗalibina kuwa Turancin kirki da yake ji bai wuce na minti arba'in na darasi ba, sauran yinin Hausa ce ko buroka. Wanda bai sami yalwar ji ba dole a taƙaita masa hanya, kuma nahawu shi ne taƙaitawar.

Tunda kayan mota kake sayarwa, bari in zo gidanka. Direba zai yi shekaru yana tuƙi bai san sunan komai a cikin inji ba. Ranar da motar ta tsaya, in bai iya cewa fulogi ne ko kafireto ba, sai dai ya ce wa bakanike "wani abu yana ƙara". Haka yaron da aka ja wa jan biro a takarda. In na ce masa aikataunka, wato "verb", bai dace da aikau, wato "subject", ba, wanda ya san sunayen ya gane inda zai taɓa, kuma gobe zai gyara da kansa. Wanda bai sani ba sai dai in gyara masa wannan jimlar, gobe ya sake irinta a wata.

Jimlar Hafsat kurakurai uku ne a cikinta, kuma kowanne yana da suna. Na farko dacewar aikau da aikatau: "she" tana tafiya da "has". Na biyu siffar aikatau: bayan "has" sai "gone", ba "went" ba. Na uku shi ne babba: tunda ta ambaci "yesterday", ba ruwanta da "has" gaba ɗaya, "She went to the market yesterday" ita ce magana. Ga kuma "the" da ta faɗi a hanya, in ka ƙirga shi huɗu ke nan.

Maman Hafsat:
To Malam, ai ta san sunayen nan duka. Shi ne abin da ya ɗaure mini kai.

Malam Bala Ticha:
Hajiya, ta san ma'anar da aka ba ta ta haddace. Ba ta san alamar da ake gane kalma da ita ba. Abubuwa biyu ne daban.

Malam Na-Zaure:
Malam Bala ya taɓo inda nake jira. Ku ba ni dama in kawo abin da muke da shi a gida tun kafin zuwan boko.

Duk wanda ya zauna gaban malami ya ɗauki nahawun Larabci, da Ajuruma ya fara, ɗan littafin nan na Ibn Ajurrum mutumin Fas, wanda ya rasu a shekara ta 723 bayan hijira, wato 1323. Ya kasa magana kashi uku: isimi, wato suna, fi'ili, wato aikatau, da harafi, wato ƙananan kalmomin haɗa magana. Abin lura shi ne yadda ya gabatar da su. Bai tsaya dogon bayanin ma'ana ba, alamomi ya bayar. Ana gane isimi da karɓar tanwini, da shigar alifi da lamu a kansa, da zuwansa bayan haruffan jarra. Ana gane fi'ili da shigar ƙad, da sinun, da saufa, da ta'un mace mai sukuni. Harafi kuma shi ne wanda alamar wancan ba ta hawansa, ta wannan ma ba ta hawansa. Shi ke nan. Almajiri ya ɗauki kalma ya gwada mata alama, in ta karɓa ya san gidanta.

Bayan haka sai i'irabi. Ba a barin ɗalibi da hadda kawai, sai an ajiye masa jimla an ce ya warware ta kalma bayan kalma: wannan fa'ili ne, wato aikau, me ya sa, wace alama ta nuna. Wanda aka yi wa wannan horo da wuya ya rubuta jimla bai san me kowace kalma take yi a cikinta ba. Ina ganin abin da ya ɓace a ajin Turanci ke nan. An ɗauki hadda an bar i'irabi.

Malam Bala Ticha:
Allah gafarta Malam, wallahi ka gama magana. Kuma hanyar nan tana aiki a Turanci sak.

Ma'anar da muke ba yara ita ce suna sunan mutum ne ko wuri ko abu, aikatau kuma kalmar aikatawa ce. To yaro ya ci karo da "arrival" ko "destruction", ya ga ai aiki ne ake yi, sai ya ce aikatau ne. Ya ci karo da "is" ko "seem" ko "own", ya ga ba wanda ya motsa, sai ya ce ba aikatau ba ne. Ma'anar da kanta ce ta ɓatar da shi.

Amma a ba shi alama. Suna yana karɓar "the" a gabansa, yawancinsa yana yin jam'i, kuma yana iya zama aikau ko karɓau, wato wanda aikin ya faɗa wa. "The arrival", ta zauna, to suna ne. Aikatau yana sauya siffa da lokaci kuma yana biyo bayan "will" ko "can": "seemed", "will seem". Sifa tana shiga tsakanin "the" da suna, da yawanta kuma suna karɓar "very": "the very tall man". Da waɗannan gwaje-gwaje uku yaro zai rarrabe mafi yawan kalmomin da ke shafi.

Wani abu kuma da ba a faɗa wa yara da wuri: kalmar Turanci ba ta da gida ɗaya na dindindin. "Water" suna ce a "The water is cold", aikatau ce a "They water the onions every evening". "Book" haka, "light" haka. Don haka tambayar "wane rukuni ce wannan kalma" ba ta da amsa sai an ga jimlar.

Malama Rabi:
Sannunku da ƙoƙari malamai. Ni Hausa nake koyarwa, kuma ina so in ƙara wani abu da nake ganin shi ne asarar da ta fi kowace girma. Yaran nan suna zuwa ajina su koyi suna, wakilin suna, aikatau, sifa, bayanau, mahaɗi, aikau, karɓau, tilo da jam'i. Su fita su shiga ajin Turanci a koya musu abubuwan nan dai da wasu sunaye, kuma ba wanda ya taɓa ce musu abu ɗaya ne. Yarinya ta san aikatau so-karɓau da ƙi-karɓau a wurina, ta san "Audu ya sayi rago" tana buƙatar ragon, "Audu ya zauna" ba ta buƙatar komai. Ta je can a ce mata "transitive" da "intransitive", ta zauna tana haddacewa kamar yau ta fara jin labarin.

Kuma fa dacewar aikau da aikatau da ake kuka da ita, Hausa ta fi Turanci tsanani a kanta. Yaro ya gudu, yarinya ta gudu, yara sun gudu. Har abin da ba shi da rai sai mun ba shi jinsi: rana ta fito, wata ya fito. Muna da kai da ke da ku, su "you" kaɗai gare su. Jam'inmu kuwa, gida gidaje, mota motoci, littafi littattafai, mutum mutane, kowanne da hanyarsa, nasu galibi "s" ce kawai ake liƙawa. Yaron da ya riƙe wannan duka a kansa ba daƙiƙi ba ne. Abin da yake buƙata a nuna masa inda Turanci ya bi hanyarmu da inda ya kauce.

Injiniya Kabiru:
Malama, a nan kam ban bi ki ba. Da girmamawa. Matsalar yaranmu ita ce suna tunani da Hausa suna fassarawa. In malamin Turanci ya shigo da Hausa aji, ai ƙara musu wannan ɗabi'a ya yi. Mu a zamaninmu hana mu Hausa ake yi a harabar makaranta, har da tara, kuma mun fito muna rubuta Turanci mai kyau.

Malama Rabi:
Injiniya, ku da kuka fito da kyau ku ake gani. Waɗanda tarar ta sa suka kulle bakinsu har suka gama makaranta ba su furta jimla ɗaya ba, ba sa cikin wannan zaure balle su ba da nasu labarin. Kuma fassarar da kake tsoro tana faruwa ko an hana ko ba a hana ba, a cikin kai take, ba mai cin tararta. Gara a fito da ita fili a nuna wa yaro inda take kai shi rami.

Bari in ba ka misalai ka gani ko ba daga Hausa suke tasowa ba. Muna cewa shawarwari, bayanai, kayayyaki. Sai yaro ya rubuta "advices", "informations", "equipments", "furnitures". A Turanci waɗannan sunaye ne da ba a ƙirgawa, ba sa jam'i, ba sa karɓar "a", sai dai a ce "a piece of advice". Muna cewa labarai sun zo, su kuwa "The news is good", tilo. Muna cewa ara mini biro, da kalma ɗaya muke aro muke ararwa, sai yaro ya ce "Borrow me your pen", alhali mai bayarwa "lend" yake yi. Muna tattaunawa a kan magana, sai ya rubuta "discuss about", alhali wannan aikatau kai tsaye yake ɗaukar karɓau. Muna cewa ina jin ka, sai ya ce "I am hearing you", alhali aikatau irin su "hear", "know", "understand" da "have" na mallaka ba su cika ɗaukar "ing" ba.

In ka hana ni ambaton Hausa, ta yaya zan nuna masa tushen kuskuren? Sai dai in yi ta jan layi da jan biro har shekara ta ƙare.

Injiniya Kabiru:
Misalan sun yi, ban musa ba. Amma ina nan a kan cewa in aka buɗe ƙofar, wasu malaman za su mayar da darasin Turanci kacokan da Hausa, yaro ya fita bai ji jimlar Turanci goma ba.

Malam Bala Ticha:
Wannan tsoron gaskiya ne, Injiniya, yana kuma faruwa. Ni abin da nake yi, bayanin ƙa'ida in ya cije na yi shi da Hausa a minti biyu uku, sauran darasin duka, misalai da tambaya da amsa da rubutu, da Turanci. In aka juya wannan rabon, an cuci yaro.

Tunda Malama ta buɗe wannan babi, bari in tsaya a kan lokutan aikatau, don nan ne yaranmu suka fi faɗuwa, kuma nan jimlar Hafsat ta karye.

A Hausa aikatau kusan a tsaye yake, ɗan lamirin da ke gabansa ne yake ɗauke da lokaci. Na tafi, zan tafi, nakan tafi, in tafi. "Tafi" bai motsa ba. A Turanci aikatau ɗin kansa ne yake sauya riga: "go", "goes", "went", "gone", "going". Bahaushe ya saba kunnensa yana kan abin da ke gaban aikatau, bai saba duba wutsiyarsa ba. Shi ya sa "ed" take faɗuwa, "s" take faɗuwa, yaro ya rubuta "Yesterday he walk to school" hankalinsa kwance, don a ganinsa "yesterday" ta riga ta gama aikin.

Ita "s" ɗin ma da nata rikicin. A jikin suna tana nufin jam'i, a jikin aikatau tana tafiya da tilo. "The boy runs", "The boys run". Yaro ya ga "boys" sai hannunsa ya kai ga "runs" don su yi kama. Nakan ce musu a irin wannan jimla "s" guda ce, in suna ya ɗauka aikatau ya haƙura.

Sai maganar lokuta goma sha biyu da ake zana wa yara a allo su kwafa. Gaskiyar magana, siffar aikataun Turanci lokaci biyu kawai take nunawa da kanta, na yanzu da wanda ya shuɗe. Sauran duka haɗi ne da 'yan taimako: "will" don na gaba, "be" da "ing" don aiki mai ci, "have" da siffa ta uku, irin su "gone", don aikin da ya kammala. In yaro ya san waɗannan tubala uku, shi zai gina sha biyun da kansa. Abin da ba makawa sai an haddace shi ne aikatau marasa bin ƙa'ida, irin su "go, went, gone" da "write, wrote, written", waɗanda ake amfani da su sun kai wajen 200, amma na yau da kullum ba su kai rabin haka ba. A nan hadda tana da gurbi. Da "be" mai siffa takwas: be, am, is, are, was, were, being, been.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Nijeriya. Ina biye da ku daga nan Maraɗi. Mu a lakwal, wato makarantar boko, da Faransanci muke farawa, Ingilishi sai mun shiga kwaleji. Sunayen nahawu ba su ba mu wahala, don kusan ɗaya suke da na Faransanci, kuma mushe, wato malaminmu na boko, ya riga ya gasa mu da nazarin jimla tun firamare. Amma abin da Malam Bala ya faɗa kan "have" da "yesterday" mu sau biyu yake kama mu. A Faransanci daidai ne ka ce "j'ai mangé hier", wanda kalma bayan kalma shi ne "I have eaten yesterday". A Hausa kuma na ci jiya, na ci yanzu, duk "na ci" ne. To harsuna biyu suna tura ka ka ce "I have eaten yesterday". Malam, ka ƙara mana haske, yaushe ake sa "have" yaushe ake barin ta?

Malam Bala Ticha:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa, a gaida mutanen Katsinar Maraɗi. Ka kawo ainihin wurin. Shuɗaɗɗen lokacinmu na "na ci" yana ɗaukar abin da Turanci ya raba biyu.

In ka ambaci lokacin da ya riga ya rufe, jiya, bara, 2020, sa'ar da nake yaro, to siffa ta biyu ce, irin su "went", ita kaɗai: "I ate yesterday", "She travelled in 2020". In kuwa ba lokacin ne damuwarka ba, sakamakon aikin a yanzu kake nufi, ko lokacin bai rufe ba tukuna, sai "have": "I have eaten", wato a ƙoshe nake, kada a zubo mini. "I have lived here since 2015", wato har yanzu ina nan. Gwajin da nake ba yara: in jimlar tana amsa tambayar "yaushe" da lokacin da ya wuce, cire "have".

Ka lura da "since" da "for" kuma. Ta farko tana nuna mafarin lokaci, kamar "tun" ɗinmu. Ta biyu tana nuna tsawonsa. "Since Monday", amma "for three days".

Ɗan Maraɗi:
Madalla, na gode Malam. Gwajin "yaushe" ɗin nan zan riƙe shi.

Abban Sadiq:
To na ji, amma ku dubi yadda kuka yi bayanin nan. Da misalai kuka yi shi, ba da haddar ma'ana ba. Ai maganata ke nan.

Malama Rabi:
Alhaji, da misalai da sunaye. Cire kalmar aikatau da karɓau da jam'i daga bayanin Malam ka ga ko zai tsaya.

Aisha 'yar SS3:
Assalamu alaikum iyayena da malamaina. Ku yi haƙuri in sa baki, ni ce mai shiga ɗakin jarrabawa bana. Baba Abban Sadiq, ko da mun yarda a kasuwa ba a tambayar sunayen nan, WAEC tana tambaya. A sashen fahimtar rubutu sukan ciro wani yanki su ce wane suna na nahawu ake ba shi, kuma mene ne aikinsa a jimlar. NECO ma haka. Ni nan ne nake rikicewa, ban iya raba "phrase" da "clause" ba, balle in faɗi aikinsu. Malam don Allah a taimaka.

Malam Bala Ticha:
Yawwa 'yata, kin kyauta da kika yi magana. Tambayar nan tana zuwa kusan kowace shekara, kuma maki ne na kyauta ga wanda ya san hanya.

Mataki na farko, nemi aikatau mai ɗauke da lokaci tare da aikau nasa a cikin yankin da aka ciro. In akwai, ganga ce, wato "clause". In babu, yanki ne kawai, wato "phrase". "In the morning" babu aikatau, yanki ne. "When the rain stopped" akwai "rain" akwai "stopped", ganga ce.

Mataki na biyu, cire yankin gaba ɗaya ki gwada sa kalma ɗaya a gurbinsa. In "it" ko "he" ko "something" ta zauna, aikin suna yake yi. "What he said annoyed the chairman": sa "it", ta zauna, to gangar suna ce, aikinta aikau na "annoyed". In yana bayyana wani suna da ke gabansa, yana amsa "wanne", aikin sifa yake yi. "The man who sells kola near the mosque is my uncle": wane mutum? Mai sayar da goro. Gangar sifa ce, tana bayyana "man". In yana amsa yaushe, ina, yaya, don me, ko bisa wane sharaɗi, aikin bayanau yake yi. "When the rain stopped, we left": gangar bayanau ta lokaci, tana ƙarin bayani a kan "left".

Inda yara suke zubar da maki shi ne wurin faɗin aiki. Kada ki rubuta yana bayyana suna ki yi shiru. Faɗi wane suna, ki ɗauko kalmar daga cikin jimlar.

Kuma kada ki ɗauka a nan kaɗai nahawu yake biyan ki. A insha'i akwai maki 10 na tsabtar rubutu, kowane kuskure na nahawu ko rubutun kalma ko alamar tsayawa yana cin rabin maki. Kuskure 20 sun share shi tas, kuma insha'in kalma 450 ne. Yaran da "s" da "ed" suke zube musu tun a sakin layi na biyu suke ƙarar da shi.

Malam Na-Zaure:
Abin da Malam ya koya wa yarinyar nan yanzu, shi ne i'irabi, ba ragi ba ƙari. Mu ma muna da jimlar da take zama a gurbin kalma ɗaya, a ce tana mahallin kaza.

Amma ina da tambaya, Malam Bala. Mu uku muka kasa, ku takwas. A cikin takwas ɗin ina "the" da "a" suke? Na ga jikana yana lissafi ban ji su ba, alhali ba layin Turanci da za ka karanta ba ka ci karo da su ba.

Malam Bala Ticha:
Allah gafarta Malam, tambayar masana ce wannan. Lissafin takwas ɗin ba don Turanci aka yi shi ba tun asali. Daga Girkawa ya taso, ana jingina shi ga wani malaminsu Diyonisiyus Tiraks, fiye da shekara 2000 da suka wuce, kuma a nasu lissafin akwai gurbin irin su "the". Da Rumawa suka ɗauka, harshensu na Latin ba shi da irin wannan kalma, sai suka cire gurbin suka sa kalmomin motsin rai don takwas ta cika. Turawan Ingila kuma da suka zo rubuta nahawun harshensu, a kan ma'aunin Latin suka gina shi. Shi ya sa "the", kalmar da ta fi kowace yawan fitowa a Turanci, ta rasa ɗaki, aka cusa ta cikin sifa. Masana na yanzu sun ware mata rukuni tare da "a", "this", "my", "some", suna kiran sa "determiner", mu kuma mafayyaci.

Kuma tana cikin abin da ya fi ba Bahaushe wahala. Muna da abin da ya yi kusa: yaron, motar, wato wanda aka riga aka sani, da wani yaro, wata mota. Amma mu muna iya cewa na sayi mota, ba komai a jikinta, magana ta cika. A Turanci suna tilo da ake ƙirgawa ba ya tsayawa tsirara, dole "a car" ko "the car" ko "my car". Wannan ƙa'ida ɗaya in yaro ya riƙe ta, jan biro zai ragu sosai a takardarsa. Sai "a" da "an", wanda sauti ne yake rabawa, ba harafi ba: "an hour", amma "a university".

Malama Rabi:
Ƙari a kan ƙananan kalmomin nan. "A" ɗinmu guda ɗaya tana aikin uku nasu: a Kano, a kasuwa, a ranar Litinin. Su kuwa "in Kano", "at the market", "on Monday". Wannan kam ba ƙa'idar da za ta ƙosar, a nan Abban Sadiq ya fi mu gaskiya, sai yawan karatu.

Abban Sadiq:
Alhamdu lillahi, an ba ni ɗaya. Ni ma na ba ku ta alamomin nan na Malam, don ko ni na gwada "the" a kan kalmomi biyu uku yanzu na ga tana aiki. Amma haddar ma'ana kam ina nan a kan bakana.

Aisha 'yar SS3:
Malam na gwada da wata jimla daga tsohuwar takardar da nake bita: "The farmers could not plant because the rains came late." Yankin da aka ja wa layi shi ne daga "because" zuwa ƙarshe. Na ga "rains" da "came", don haka ganga ce. Tana amsa don me. Na rubuta gangar bayanau ta dalili, tana ƙarin bayani a kan "plant". Daidai ne?

Malam Bala Ticha:
Sunan daidai ne, 'yata. Wurin aikin, rubuta aikatau ɗin duka, "could not plant", don rashin shukar ne ake ba da dalilinsa. Nemo guda biyar irinta ki turo gobe bayan la'asar, ki haɗa da mai farawa da "that" da mai farawa da "although".